Yadda Ake Tattalin Sukarin Jiki Daga Sahur Zuwa Shan Ruwa

Mai azumi a Kano ko Maraɗi yakan yi awa 13 zuwa 14 bai kai komai bakinsa ba, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta daina shan sukari ko na minti ɗaya. A kwana guda tana cinye kusan giram 120 na gulukos, wato sukarin da ke yawo a jini. Shi kuwa jinin babban mutum gaba ɗaya, gulukos ɗin da ke cikinsa a lokaci guda bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, cikin cokalin shayi ke nan. Sauran daga ajiya yake fitowa, kuma sai ka san ajiyar kafin ka iya tattalinta.

Tuwo, shinkafa, doya da burodi duk sitaci ne. Miyau ke fara narkar da shi, ƙaramin hanji ya ƙarasa, ya koma gulukos ya shiga jini. Nan take fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, za ta saki insulin, shi kuma ya sa hanta da tsoka su kwashi rarar su ƙulle ta a matsayin gilaikojin. Wani Bafaranshe, Claude Bernard, shi ya fara ware wannan sinadari daga hanta a 1857. Hanta kan ajiye kimanin giram 100, tsokoki kuma wajen giram 400. Sai dai ba ɗaya suke ba. Na hanta hatsin gandu ne, kowa a gidan yana da rabo, har ƙwaƙwalwa. Na tsoka kuwa hatsin gayauna ne: tsokar da ta ajiye ita kaɗai za ta ci, don ba ta da sinadarin da zai mayar da shi cikin jini. Ashe giram 100 ɗin nan na hanta su ne jarin mai azumi.

Matakin farko, jinkirta sahur. Sunna ce, kuma hanta ma haka take so. 'Yan awowi bayan cin abinci take fara rabon abin da ta ajiye, ko kana barci. Wanda ya cika ciki ƙarfe 11 na dare ya kwanta, ya ce ba sai ya tashi ba, ya ƙara wa azuminsa awa biyar ko shida, kuma alfijir zai keto masa hanta ta riga ta yi rabon dare.

Na biyu shi ne abin da za ka ci, kuma a nan aka fi tafka kuskure. Ba yawan lomar ke kai mutum la'asar ba. Hanta ba ta faɗaɗa don ka ƙara malmala; in ta cika ta cika, rarar da ta yi yawa kitse take komawa. Abin nema shi ne abincin da zai daɗe yana sakin sukarinsa a hankali, yadda hanta ba za ta buɗe ajiyarta da wuri ba. Sa wake a gaba: shinkafa da wake, alale, ko faten wake. Tuwon gero ko na dawa da ba a surfe shi tas ba ya fi farar shinkafa zalla, saboda dusar na rage saurin narkewa. Haɗa da miyar kuka ko kuɓewa, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ƙwai, nama, gyaɗa da nono suna riƙe abinci a tumbi, yunwa ta yi jinkirin zuwa. Fura da nono sahur ne mai kyau, muddin ba a zabga mata sukari ba.

Shayi mai ƙwayar sukari huɗu da farin burodi kuwa, a ganina shi ne sahur mafi rauni, duk da ya fi sauƙin haɗawa ga mai magagin barci. Sukarin zai hau jini a guje, insulin ya biyo shi a guje ya kwashe, kafin hantsi ciki ya fara ƙugi. Ka kuma sha ruwa sosai, domin kowane giram na gilaikojin da kusan giram 3 na ruwa ake ajiye shi.

Na uku, tsara aikin yini. Mai gini, mai dako ko ɗan garuwa ya yi mai nauyin da sanyin safiya in da hali. Aikin ƙarfi da gudu su ke ƙone gilaikojin ɗin tsoka da sauri, tafiya a hankali kuwa kitse ta fi ci. Da sukarin jini ya fara sauka, fankiriyas za ta saki wani sinadarin, gulukagon, ya sa hanta ta riƙa kwance ajiyarta kaɗan-kaɗan. Rana na yin nisa jiki na ƙara karkata ga kitse, hanta kuma ta shiga ƙera sabon gulukos daga wani ɓangare na kitse da furotin. Shi ya sa lafiyayyen mutum sukarinsa ba ya faɗuwa ƙasa warwas a azumin yini ɗaya. Sai an kai wajen awa 24 ajiyar hanta ke kusan ƙarewa. Ciwon kan nan da kasalar bayan azahar, sau da yawa ƙishirwa ce da rashin barci. 'Yan ƙwallo su bari sai dab da magariba ko bayan an sha ruwa.

Na huɗu, shan ruwa. Dabino biyu ko uku da ruwa sun isa su farfaɗo da kai, don sukarinsu ba ya ɓata lokaci. Tashi ka yi salla, ka dawo ka ci abinci a natse. Abin da ake yi a gidaje da yawa, kunu mai zaƙi kofi biyu, zoɓo, lemon kwalba, ƙosai da soyayyen dankali duk a zama ɗaya, shi ke sa mutum ya yi nauyi ya kasa tashi asham. Asham ɗin kuwa tana taimako, domin tsokar da ke motsi tana jan gulukos daga jini ko da insulin kaɗan ne. Wanda ya wuni yana aikin ƙarfi kada ya guji tuwo da dare: tsokar da ta ƙare ajiyarta takan ɗauki kusan kwana guda kafin ta cika, don haka ya raba cin gida biyu, bayan magariba da kuma sahur.

Na biyar na masu ciwon sukari ne, kuma lissafinsu daban yake, musamman mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar da ke sauke sukari. Ka ga likitanka tun kafin watan ya kama, ya faɗa maka ko za ka iya azumin, ya gyara maka lokacin magani da adadinsa. Ka riƙa gwada jini da rana. Malamai da dama sun bayyana cewa huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. In na'urar gwajin ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, ko sama da 300 mg/dL, ka karya. Haka in ka ji karkarwa, zufa mai sanyi, jiri, bugun zuciya ko gani dishi-dishi. Idan sukarin sauka ya yi, jiƙa cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a ruwa ka shanye, ka sake gwadawa bayan minti 15. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti. Ko saura minti goma a kira magariba, kada ka ce bari ka daure. Ka sha, ka rama daga baya.