Gajiyar Malamin Harshe a Ajin Intanet

Ina koyar da Hausa ta intanet ga 'ya'yan mutanenmu mazauna ƙasashen waje, ina kuma duba aikin wasu malamai masu koyar da Larabci da Turanci ta wannan hanya. Kukan da na fi ji daga bakinsu shi ne: "Malam, a zaune nake aikin nan, amma in na tashi sai in ji kamar an yi mini duka." A gida kuwa ba mai tausaya musu, wai mai aiki a inuwa me zai gajiyar da shi?

Gajiyar gaskiya ce, kuma tana da dalili. Koyar da harshe aikin kunne ne da ido. Malami yana kallon leɓen yaro, yana sauraron ko ya bambance ƙ da k, ko ya ja wasalin da ya kamata a ja. A Zoom sai murya ta makara, hoto ya tsaya cak, dole malami ya ninka kasa kunne kafin ya kama abin da a aji zai ji nan take. Ga ɗaliban da ke kashe kyamara. Ka yi tambaya ka ji shiru, ba ka san ko kunya ce, ko rashin fahimta, ko yaron ya bar gaban kwamfutar ba. Magana ita ce darasin, don haka malami ya dinga cike shirun da bakinsa da fara'ar dole har lokaci ya cika. Wannan ya fi komai cin rai.

A 2021 Farfesa Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford a Amurka ya bayyana abubuwa huɗu da ke sa taron bidiyo gajiyarwa: fuskoki dab da ido, kallon kai a allo ba hutu, zama wuri guda, da wahalar karanta alamun jiki. Malamin harshe yana shan dukkansu kullum.

Namu malaman suna da ƙari. Ƙarfe 6 na yamma a New York, 11 ko 12 na dare ne a Kano. Ana cikin darasi a ɗauke wuta ko data ta ƙare, ɗalibi ya rage maka tauraro a manhaja, sababbin ɗalibai su ragu. Babu ofishin malamai da za ka zauna ka amayar da abin da ke ranka.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa matsin aiki mai tsawo yana ƙarar da mutum, ta kuma faɗi alamominsa: ƙarewar kuzari, jin aikin ya fita daga rai, da raguwar ƙwazo. Ba lalaci ba ne, ba kuma rashin godiyar Allah ba.

Ga abin da nake nema daga malamaina. A ɓoye hoton kai a allo. A bar aƙalla minti goma tsakanin darasi da darasi, a tashi a taka. A faɗa wa iyaye tun farko lokacin da ake daina amsa saƙon WhatsApp, da ƙa'idar soke darasi, a rubuce. Ina kuma matsa musu su riƙa haɗuwa su yi hira ba tare da ni ba, don wata damuwar ba a faɗinta gaban shugaba.

In rashin barci, ƙunci ko ƙin shiga mutane suka haura mako biyu, a ga likita. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Iyaye kuma, don Allah ku sa yara su kunna kyamara, ku biya malami a kan kari.