Matatar Hayaƙi da Takardar Garanti: Nasiha Daga Rumfar Makanike

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina kwanciya a ƙarƙashin motoci, tun ina yaron garaji a Maraɗi ana sa ni wankin kusoshi da kananzir, har Allah ya hore mini rumfar kaina a nan Cadakori, kuma a tsawon wannan zamani ban ga illar da ta ruɗa masu mota, ta kuma kunyata makanikai, kamar wadda ta shigo mana tare da sababbin kat-kat masu shan gazuwal ba. Da yake ɓoye ilmin da mutane ke bukata ba halin kirki ba ne, ga shi kuma na gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane mai mota bayan aikin gama ya gama, sai na ga ya kamata in rubuta abin da idona ya gani, ko Allah ya sa wani ya karanta tun kuɗinsa na aljihu.

A damina ta bara wani Alhaji, mai fataucin wake da aya, wanda muka daɗe muna mutunci da shi, ya aiko a ɗauko ni daga hanyar Tibiri, wai motarsa ta ƙi gudu. Mota ce ta ƙasaita, baƙa, wadda aka sauke a tashar jirgin ruwan Lome bayan ta yi ƴan shekaru a Turai. Na same ta tana aiki, inji bai mutu ba, amma ko an taka totur har ƙasa ba ta fi tafiyar amalanke da yawa ba, ga wata fitila ruwan ɗorawa tana ci a gaban direba. Da na zaro ma'aunin baƙin mai, sai na tarar man ya haura alamar cika da wajen faɗin yatsa biyu, ya tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa, yana warin gazuwal. Na ce, "Alhaji, wa ya ƙara wa motar nan mai?" Ya ce, "Wallahi, Malam, tun bidanjin da aka yi mata a Maraɗi ba wanda ya buɗe ta." Gaskiya ya faɗa. Motar ce da kanta ta zuba wa manta gazuwal, kuma sai mutum ya san yadda aka ƙera ta kana ya fahimci dalili.

Asalin al'amarin shi ne, hukumomin Turai, saboda cutar da hayaƙin gazuwal ke yi wa huhun mutanen biranensu, sun yi ta tsananta doka daki-daki, har daga shekarar 2009, da ƙa'idar da suke kira Euro 5, ya zama kusan babu ƙaramar motar gazuwal da za ta fito ba tare da matata a cikin bututun hayaƙinta ba. Mu a garaji fap muke ce mata, kamar yadda Faransawa suka taƙaita sunan. Wani dunƙule ne mai kama da saƙar zuma, ramukansa a toshe ta gefe guda, hayaƙi ya ratsa bangonsa ya fita, kunkunniya ta maƙale a ciki. To, duk abin da ke tara datti dole wata rana ya cika, saboda haka aka shirya wa motar dabarar ƙone kunkunniyar da kanta: idan kwamfutarta ta ji matatar ta yi nauyi, sai ta riƙa fesa ƙarin gazuwal domin zafin bututun ya kai wajen digiri 600, dattin ya ƙone ya zama ƴar toka. Sharaɗin wannan ƙonewa kuwa shi ne mota ta samu tafiya miƙaƙƙiya, da gudu madaidaici, ta kamar minti ashirin ko fiye, ba a kashe ta ba.

Motar Alhaji fa, aikinta daga gida zuwa sito, daga sito zuwa masallaci, sa'an nan ta yi awa guda a tsaye ƙofar gida, inji na ci, sanyi na busawa, ana jiran a gama gaisawa. Kullum ta fara ƙona dattinta sai a kashe ta, gazuwal ɗin da ta fesa ya zurare ta gefen fistin ya gangara cikin baƙin mai, gobe ta sake farawa a sake katse ta. Da muka kwance matatar, yarana biyu ne suka sauke ta, na haska tocila na ga ramukanta sun cushe da kunkunniya. Da an ƙara wata guda a haka, da man da ya tsinke ya cinye metal, kuma da ba matata kaɗai za a yi kuka a kanta ba.

Sai dai gajeriyar tafiya rabin ciwon ce kawai, ɗaya rabin yana cikin tanki. Gazuwal yana ɗauke da farar wuta, wadda malaman da suke kira kibritu, kuma ita ce babbar abokiyar gabar duk kayan tace hayaƙi, domin tana dakushe sinadarin da ke taimakon ƙonewar, tana kuma ƙara dattin da matatar za ta haɗiya. A Turai, tun 2009, ba a yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, kuma a kan wannan ma'auni aka ƙera motocinsu. A watan Satumba na 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da binciken da ta yi a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas, inda ta sami gazuwal a Mali mai ɗauke da ninki 378 na abin da Turai ta halatta. Bayan haka ne ministocin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, suka zauna a Wagadugu a watan Fabrairu na 2020 suka tsayar da kashi 50 cikin miliyan. Doka a takarda ke nan. Amma mai mota da ke tsaye gaban famfo ba ya da idon da zai ga kibritu, balle wanda ya tsaya wurin ƴan ruwa-ruwa a bakin hanya. Ba na zargin kowa da algus, akasarinsu neman halal suke, kuma sau nawa suka fid da mu daga daji cikin dare. Amma man da ya bi duro, ya bi jarka, ya bi kwalba, ya sha ƙurar hunturu da raɓar damina, ba shi ne ya fito daga matatar Damagaram ba, ko da can aka ɗebo shi. Tsofaffin injuna ba su damu ba. Sababbin kuwa suna tura mai da ƙarfin da ya kan kai bar 2,000 ta ramuka ƙanana kamar silin gashi, ruwa cokali guda ya isa ya sa su tsatsa.

Akwai kuma wata ƙofa da ke mayar da wani sashe na hayaƙi cikin inji don a rage zafin wuta, wadda kan cushe da wani baƙin abu kamar kwalta. Wannan wankewa ake yi, ba na tsawaita magana a kanta. Illar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta motocin da suka fito daga 2014 zuwa yau, masu ƙaramin tanki na biyu da murfi shuɗi, inda ake zuba ruwan da ake kira AdBlue. Yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari a cikin tataccen ruwa, kuma idan ya ƙare motar takan yi gargaɗi, ta ƙirga kilomita, daga nan in an kashe ta ba ta sake tashi. Da yake mu manoma ne, kowa ya san yuriya a buhun taki, sai wani direba mai kaifin basira ya jiƙa taki da ruwan rijiya ya ɗura. Niyyarsa kyakkyawa ce, ƙiyasinsa ne ya ɓaci, gama takin gona yana da ƙazanta, ruwan rijiyarmu kuma yana da gishiri, su biyun suka daskare a bakin mafesa kamar kanwa. Ko na gaskiyar ma ba ya son zafi, jarkar da ta yi bazara guda a rana a ƙofar kanti ta riga ta rage ƙarfi.

Yanzu sai mas'alar garanti, wadda ita ce ta fi ƙona wa mutane rai. Da na gaya wa Alhaji abin da gyaran zai ci, sai ya buɗe akwatin gaban mota ya miƙo mini wani ɗan littafi da Jamusanci, ya ce, "Ai dillali ya ce tana da garanti." Na juya shi, na ga hatimin ƙarshe an buga shi shekara huɗu da suka wuce a wani garin da ban iya furta sunansa ba. Garantin maƙera alkawari ne mai iyaka uku: iyakar lokaci, galibi shekara biyu zuwa uku ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, iyakar ƙasa, domin wanda aka bayar don kasuwar Turai ba ya tsallako teku tare da motar, da iyakar sharaɗi, wato irin man da aka ce a zuba da wurin da aka ce a yi bidanji. Motar Alhaji ta fita daga dukkan ukun tun kafin ta ga Lome. Kuma ba shi kaɗai ba ne, domin rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin hiyarul aibi a babin ciniki, cewa mai saye yana da haƙƙin mayar da haja in ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa, kuma hukunci ne mai adalci. Amma mota a ƙasarta lafiyarta ƙalau, aibin a nan ya same ta, dillalin kuma ya karɓi la'adarsa ya yi gaba.

Wanda ya sayi sabuwa daga wakilin kamfani a Yamai shi ne ke da garanti na haƙiƙa, sai dai shi ma na ga yadda yake suɓuce masa. Wata motar proje, ba ta cika shekara ba, ta fara karkarwa da farin hayaƙi. Da aka kawo mini na ƙi sa mata sifana, na ce a ɗora ta a babbar mota a kai ta inda aka saye ta, tafiyar fiye da kilomita 600, domin kusa ɗaya in na kwance a famfonta na rushe musu hujja. Can kuwa abu biyu suka fara tambaya: littafin bidanji, da abin da ke cikin tanki. Littafin ya rasa hatimi guda, saboda an yi bidanji ɗaya a gindin bishiya don gaggawa, tankin kuma da aka tsiyaye shi a kwalba ruwa ya kwanta a ƙasa kowa yana gani. Aka ce garanti ba ya ɗaukar ɓarnar gurɓataccen mai, kuma haka yake rubuce a takardar da shugaban projen ya sa wa hannu bai karanta ba. Direban ya rantse a gidan mai ya sha, na kuma gaskata shi, amma bayyina aka nema, shi kuwa ko rasit ɗaya bai ajiye ba.

Kada a ɗauka maƙera ba sa kuskure. A Ostareliya, inda mai yake da tsabta, kotun tarayya ta yanke hukunci a 2022 cewa matatar hayaƙin motocin Toyota Hilux da Prado da Fortuner fiye da 260,000, waɗanda aka sayar tsakanin 2015 da 2020, tana da aibi tun daga ƙira.  Kuma kamfanin nan dai shi ne ya daɗe yana turo wa Afirka Land Cruiser mai injin 1HZ, silinda shida, lita 4.2, wanda ya fito tun 1990, babu turbo, babu matata, babu kwamfutar da za ta yi fushi. Ba don rowa ba, don sun san man da za ta sha da hanyar da za ta bi. Saboda haka tambayar farko ga mai sayen kat-kat ba shekararta ba ce, ba kuma launinta ba: don wace kasuwa aka ƙera ta? A leƙa ƙarƙashinta a ga ko akwai matata, a buɗe murfin tanki a ga ko akwai shuɗin murfi a gefensa, a sa na'urar bincike, wadda muke kira baliz, ta faɗi nauyin tokar da ke ciki, duk kafin a ƙirga kuɗi.

Wanda kuwa ya riga ya saya, to, ya ba ta haƙƙinta. Kowane mako ya hau kwalta, ko zuwa Gidan Rumji ne ya dawo, ba tsayawa. In ya ji fanka na kuka, inji ya ɗan ɗaga murya, warin zafi na tasowa bayan ya tsaya, ƙona datti take yi, ya bar ta ta gama. Baƙin mai ya zama mai ƙarancin toka wanda littafinta ya ambata, a riƙa duba ma'auni don hauhawa kamar yadda ake duba shi don raguwa, a tsiyaye ruwan matatar mai, a canza ta tun kafin wa'adin da Turawa suka rubuta don ƙasarsu.

Na san abin da abokan sana'ata za su ce, cewa a fasa matatar a fid da cikinta, a shafe ta daga kwamfuta, a huta. Ana yi, ni ma na taɓa yi, ba zan yi ƙarya ba. Amma duk wanda zan yi wa sai na gaya masa abu uku: garanti in akwai ya tafi ke nan, kwamfutar in ba gwani ya taɓa ta ba za ta ci gaba da fesa gazuwal cikin mai tana neman matatar da babu, hayaƙin kuma da aka tare dominsa zai fita ne daidai hancin yaran da ke tallar gyaɗa a bakin tasha. Alhaji ya saurara har na gama, ya yi shiru, ya ce a wanke tasa a mayar. Muka aika da ita Maraɗi aka wanke, muka canza mai sau biyu a jere. Yanzu kowace Juma'a bayan la'asar ɗansa yakan ɗauki motar ya yi hanyar Dakoro ya juyo, kuma na ji ƴan uwa sun fara rigimar wanda za a ba makullin.