Jimo Akolo (1934-2023): Rayuwar Mai Zane Kuma Malamin Zane a Zariya da Gurbin Ayyukansa a Nazarin Al'adun Hausawa

Tsakure

Nazarin Hausa a jami'o'i ya ginu ne a kan duwatsun murhu uku, wato harshe da adabi da al'ada. A ɓangaren al'ada an yi rubuce-rubuce masu yawa a kan gini da ɗinki da dukanci da sassaƙa, amma zanen fenti na zamani bai samu kulawar da ta kamace shi ba. Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Farfesa Jimo Bola Akolo, mai zane kuma malamin zane da ya shafe fiye da shekara talatin yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. An bi hanyar nazarin rubuce-rubucen masana tarihin fasaha tare da ƙwanƙwance hotunan zane-zanensa. Maƙalar ta gano cewa ayyukansa taska ce ga mai nazarin al'ada, da sharaɗin kada a ɗauke su tamkar hoton kyamara. Ta kuma ba da shawarar a auna su da rayuwar yau a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

Fitilun Kalmomi: Zane, Akolo, Zariya, Al'ada, Koyarwa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin ado. Magina sun ƙawata fuskokin soraye da dagi, maɗinka sun zuba aska takwas a ƙirjin riga, alarammomi kuma sun yi wa allo zayyana domin ranar sauka. David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya, ya tattara irin waɗannan kayayyaki a baje kolin fasahar Hausawa da aka yi a Landan a 1976. Sai dai yawancin wannan ado na layuka ne da siffofin da ba su da rai. Zana mutum ko doki da fentin mai a kan ƙyalle baƙon abu ne da ya shigo ta hanyar makarantar boko, kuma malaman addini da dama suna da ja a kan surar mai rai. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa zanen fenti ya maƙale a harabar jami'a, manazarta Hausa kuma suka bar shi ga Sashen Zane-zane.

Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: mene ne amfanin mai nazarin Hausa a zanen mutumin da ba Bahaushe ba ne, amma ya kwashe rayuwarsa yana zana makaɗa da mahaya da 'yan dambe na ƙasar Hausa?

2.0 Ma'anar Mai Zanen Yanki

A wannan maƙala, mai zanen yanki shi ne wanda ya zauna a wani yanki nesa da manyan kasuwannin fasaha, ya mayar da mutanen wurin da sana'o'insu jigon aikinsa. An fi sanin wannan tafarki a Amurka a shekarun 1930, inda Grant Wood da Thomas Hart Benton da John Steuart Curry suka juya wa salon Faransa baya suka fuskanci manoman tsakiyar ƙasarsu. Abin lura shi ne dukkansu sun haɗa zane da aikin makaranta: Wood a Jami'ar Iowa, Benton a makarantar zane ta Kansas City, Curry kuma a Jami'ar Wisconsin. Dalilin a fili yake. Inda masu sayen zane suka yi ƙaranci, albashin koyarwa ne ke riƙe mai zane, ɗalibansa kuma su ne masu kallonsa na farko. A Arewacin Nijeriya, Akolo ne ya fi kusa da wannan siffa, ko da yake shi bai ɗaura aure da wata aƙida ba kamar yadda Amurkawan suka yi.

3.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Jimo Akolo a shekarar 1934 a garin Egbe na ƙasar Yagba, wanda a yau yake cikin Jihar Kogi. A lokacin garin yana ƙarƙashin Lardin Kabba, saboda haka Bayarabe ne ɗan Jihar Arewa. Wannan ne ya sa hanyar karatunsa ta nufi arewa maimakon Ikko ko Badun. Ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Keffi, inda ya haɗu da Dennis Duerden, Baturen jami'in ilimi da ya ƙarfafa wa ɗalibai gwiwar yin zane, wanda daga baya ya yi aiki a Sashen Hausa na BBC.

A 1957 Akolo ya shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya da ke Zariya, shekara biyu bayan an dawo da sashen zane daga Badun. Wannan kwaleji ce ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Abokan karatunsa a fannin fenti su ne Uche Okeke da Demas Nwoko, kuma tare suka kammala a 1961. Tun suna ɗalibai Ulli Beier ya yi rubutu a kan su ukun a 1960, inda ya nuna cewa Akolo ya fi sauran damuwa da tsarin zane da daidaiton siffofi.

3.1 Akolo da Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya

A 1958 wasu ɗaliban kwalejin, cikinsu har da Okeke da Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, wadda ta rayu zuwa 1961. Manufarsu, kamar yadda Okeke ya tsara ta a 1960, ita ce gwama dabarun Turawa da fasahar gargajiya ta ƙabilar da mai zane ya fito. Da wannan ne Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo, Onobrakpeya kuma ga tatsuniyoyin Urhobo.

Masana sun sha bamban a kan matsayin Akolo a ƙungiyar. Wasu suna lissafa shi cikin 'ya'yanta, wasu kuma, irin su Chika Okeke-Agulu a littafinsa na 2015, suna nuna cewa abokin tafiya ne da bai yarda a gindaya wa mai zane aƙida guda ba. Abin da ayyukansa suka tabbatar shi ne bai taƙaita ga gadon Yarabawa ba. Ya zana jigogin Yarabawa, kamar zanensa na ubangijin tsawa, amma tun yana ɗalibi ya karkata ga abin da idonsa ke gani a Zariya: adon gine-gine, da tufafi, da hawan sarakuna. A nan ne muhimmancinsa ga nazarin Hausa ya fara, domin shi ya ɗauki wurin zama a matsayin tushe, a lokacin da takwarorinsa suka ɗauki asali.

4.0 Aikin Koyarwa

Bayan kammala karatu, an ba shi aikin zanen bango a Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke Kaduna. Ya baje kolin ayyukansa a Mbari ta Badun a 1962, sannan a Cibiyar Ƙasashe Renon Ingila da ke Landan a 1964. Ya ƙaro ilimi a Kwalejin Zane ta Hornsey a Ingila, daga nan ya wuce Jami'ar Indiana da ke Bloomington a Amurka, inda ya yi digiri na biyu, daga baya kuma ya samu digirin digirgir a fannin koyar da zane. A harabar wannan jami'a ne aka kafe shahararrun zanen bango da Benton ya yi a 1933 a kan tarihin Jihar Indiana.

Daga 1966 Akolo ya kama aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, a Cibiyar Nazarin Ilimi, har ya kai matsayin farfesa. Zaɓin wannan cibiya yana da ma'ana. An kafa ta ne a 1965 domin ta kula da horar da malamai da tsara manhaja a kwalejojin Arewa. Ke nan, yayin da Sashen Zane-zane ke yaye masu zane, aikin Akolo shi ne yaye waɗanda za su shiga aji su koyar da zanen. Buƙatar irin waɗannan malamai ta ƙaru bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta ba darussan fasaha da sana'a gurbi a ƙaramar sakandare.

Wannan aiki ya ci masa suna. Okeke ya jagoranci sashen zane a Nsukka, Grillo ya yi fice a Yaba, Onobrakpeya kuma ya zauna kusa da masu sayen zane na Ikko. Akolo ya tsaya a Samaru, inda aikin manhaja da duba ɗalibai masu gwajin koyarwa ba ya kai mutum shafin jarida. Sai a 2022 gidan baje koli na kó da ke Ikko ya tara ayyukansa na tsakanin 1961 da 2015 a wuri guda. Ya rasu a watan Yuni na 2023.

5.0 Jigogi da Salon Zanensa

Ayyukansa na farko da aka fi ambata su ne Hausa Drummer na 1961, wato makaɗin Hausa, da Fulani Horsemen na 1962, wato mahayan Fulani, wanda ke ajiye a gidan tarihi na Bristol a Ingila. A wannan zango yana yanka jikin mutum da na doki zuwa fasali-fasali masu kaifin gefe, yana cika ƙyallen da su har ba a ganin fili sosai a bayansu, fuskoki kuma ba a fayyace su ba. A shekarun 1980 da 1990 hannunsa ya saki, launukansa suka ƙara haske, ya kuma zana sharo da dambe da mai tallar fura da nono, da masu busa ƙaho na Kudancin Kaduna suna tarbar gwamna.

Wannan jeri yana nuna abu biyu. Na farko, Arewar Akolo ta fi ƙasar Hausa faɗi, domin ta haɗa Bahaushe da Bafulatani da mutanen Kudancin Kaduna da Bayarabe, kamar yadda tsohuwar Jihar Arewa ta haɗa su. Na biyu, ya fi son lokacin da jiki ke cikin motsi ko gwaji: dukan ganga, da sukuwa, da kai naushi, da jure bulala. Mai neman tsarin siffofi yana samun abin da yake so a irin wannan yanayi. Saboda haka bai halatta manazarci ya kafa hujja da zanen a kan cewa haka rawani ko linzami yake a 1962 ba. Abin da zanen ke bayarwa shi ne shaidar abin da ɗan boko mazaunin Zariya ya ga ya cancanci a adana, da kuma yadda ya fahimci tsayuwa da motsin mutanen.

6.0 Auna Zanen da Rayuwar Kudancin Kano

Ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa suna kudancin Jihar Kano, a ɓangaren da ke fuskantar ƙasar Zazzau. Babbar hanyar Kano zuwa Zariya ta ratsa yankin, a Kwanar Ɗangora kuma hanya ta ɓalle zuwa Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa. Yanki ne na manoma da makiyaya, ga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, ga kuma Riruwai mai tarihin haƙar kuza. Kusancinsa da Zariya da cuɗanyar Hausawa da Fulani a cikinsa sun sa ya dace da gwada jigogin Akolo.

Hanyar gwajin mai sauƙi ce. A kai hoton zanen dambe gaban tsohon ɗan dambe ko mahauci, a tambaye shi ko tsayuwar ta yi daidai, wane hannu ne aka naɗe, wane ne garkuwa, ina kuma gurbin mai kalangu. A nuna wa dattawan Fulani zanen sharo, su faɗi abin da suka gane da abin da aka bari. A nuna wa mai tallar nono zanen 'yar'uwarta, ta yi magana a kan ƙwarya da faifai da ludayi, musamman yanzu da roba ke maye gurbin ƙwarya. Bayanan da za su fito za su amfani mai nazarin al'ada da mai tattara kalmomi, kuma za su nuna inda mai zane ya bi gaskiyar gani da inda ya bi buƙatar tsari.

Akwai kuma batun aji. Darasin al'adu da fasahar ƙirƙira yana cikin manhajar ilimin bai-ɗaya, amma yaron Ƙiru ko Doguwa zai iya kammala makaranta bai taɓa ganin zanen da aka yi a kan rayuwar iyayensa ba, alhali an yi shi ne a Samaru. Asalin zane-zanen suna Ikko da Ingila da gidajen masu tara kayan fasaha. Waɗanda aka zana su ne suka fi kowa nisa da su.

7.0 Sakamakon Bincike da Shawarwari

Binciken ya gano cewa, na ɗaya, Akolo ya gina fasaharsa a kan wurin zama fiye da asalin ƙabila. Na biyu, tsayawarsa a aikin horar da malamai ta rage masa shahara, amma ta kai tasirinsa azuzuwan da ba a rubuta sunansa ba. Na uku, zanensa madogara ce ta biyu da ke buƙatar a gwada ta da bayanan baka da waƙoƙin makaɗa, irin waƙoƙin dambe na Ɗan'anace.

A kan haka ake ba da shawarar sassan Hausa su sanya zanen zamani cikin kwasa-kwasan al'ada, su kuma haɗa gwiwa da sassan zane-zane wajen samar da kalmomin fannin da Hausa. Ya kamata Gidan Makama da Gidan Ɗanhausa a Kano da Gidan Arewa a Kaduna su nemi izinin buga kwafin ayyukan domin makarantu. Haka nan akwai buƙatar a yi hira da tsofaffin ɗalibansa tun suna raye.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi Jimo Akolo daga Egbe zuwa Keffi da Zariya da Landan da Bloomington, sannan ta dawo da shi Samaru inda ya yi mafi yawan aikinsa. An nuna cewa kasancewarsa ba Bahaushe ba bai fitar da zanensa daga farfajiyar nazarin Hausa ba, kamar yadda ba a fitar da ƙamusun Bargery na 1934 ba. Abin da ya rage shi ne a mayar da hotunan ga mutanen da aka zana, a saurari hukuncinsu, a kuma rubuta shi da Hausa.