Za a kai mini ɗa gidan mari

Wata uwa ce ta rubuto daga Badagishiri. Ɗanta mai shekara 16 ya fi son zama cikin mata, har yaran unguwa suna kiransa ɗan daudu. Wan mijinta ya yanke shawarar a tsallaka da shi ta Ƙonni zuwa wani gidan mari a Najeriya. "Malam, a bakin kishiyata na ji," in ji ta. "Ni na haife shi, amma ba wanda ya tambaye ni. A gidan biki ma cewa suke ni na lalata shi. Kishiya ce za ta ba ni labarin ɗana?"

Amsa:

Baiwar Allah nan tana da gaskiya, an raina ta. Sai dai ta ambaci kishiya sau biyu, ba ta kawo ko kalma ɗaya daga bakin yaron ba. Wanda za a ɗaure shi ne abin dubawa.

A watan Satumba na 2019 'yan sandan Kaduna suka fasa wani gida a Rigasa, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk shatar bulala. Wasu sun ce an yi lalata da su a ciki. A watan da ya biyo baya aka bankaɗo irinsa a Daura da Katsina. Galibinsu iyaye ne suka kai su da hannunsu, don a gyara musu hali.

A Amurka ma an gwada gyaran hali. Ƙungiyar Kiristoci ta Exodus International ta kama aikin "warkar da" masu sha'awar jinsinsu tun 1976. A 2013 shugabanta Alan Chambers ya nemi gafarar waɗanda aka cutar, aka rufe ta, bayan ya amsa cewa kusan duk waɗanda ya sani ba su canja ba. Iyaye da likitoci da waɗanda suka sha wuyar abin suka yi ta fafutuka, har Jamus ta hana yi wa yara shi a 2020.

To, Hajiya ta bar zancen kishiya. Ta zaunar da ɗanta su biyu, ta saurare shi ba zagi, ta tambaye shi ko wani na dukansa ko taɓa shi. Sannan ta kira kawunsa na wajenta, su sami maigidan tare kafin a biya kuɗin mota. In ta ga yaron ya daina cin abinci ko yana zancen mutuwa, ta kai shi wurin likita a Tawa ranar nan.