Mefiboshet a Lokacin Yaƙin Neman Zaɓe

Karatu: 2 Sama'ila 4:4, 9:1-13, 16:1-4, 19:24-30, Zabura 139:13-16
Ayar haddacewa: Littafin Firistoci 19:14

Manufa: Iyalin Kirista su gane cewa jaririn da ke ciki da yaron da aka haifa da naƙasa darajarsu ɗaya ce a gaban Allah, su kuma auna masu neman ƙuri'a, da gidajensu, da wannan mudu guda.

Gabatarwa

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, Maiduguri takan cika da hotuna da lasifika. Daga hanyar Bama zuwa lungunan Mairi, kusa da Jami'ar Maiduguri, akan ga motoci suna rabon shinkafa da turamen atamfa. Akan kuma tara guragu da makafi a gaban masu ɗaukar hoto, a ba su kekuna da sanduna, a tafa. Wasu 'yan takara sukan shiga majami'u su ce su ne masu tsaron tarbiyya, ba za su taɓa yarda da zubar da ciki ba. Bayan an rantsar da wanda ya ci, sai a nemi maganar a rasa. Tun da ƙasa tana fuskantar zaɓen 2027, ya dace iyalai su zauna su bincika abin da Maganar Allah ta koyar, kafin hayaniya ta rufe kunnuwa.

1. Allah ne Mai Rai Tun Daga Ciki

A Zabura 139, Dawuda ya shaida cewa Allah ne ya siffata gaɓoɓinsa a cikin mahaifiyarsa, ya kuma san kwanakinsa tun ba a fara ƙidaya su ba. Irmiya 1:5 da Luka 1:41-44 sun tabbatar da haka. Saboda wannan ne ikkilisiya take koyar da cewa ɗan tayi mutum ne wanda Allah ya sani.

Amma Nassi bai tsaya a nan ba. Sa'ad da Musa ya kawo hujjar nauyin baki, Ubangiji ya amsa masa cewa bebe da kurma da makaho da mai gani duka aikin hannunsa ne (Fitowa 4:10-11). Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka nemi sanin ko zunubin wa ya jawo, Yesu ya kawar da zargin daga kansa da iyayensa (Yahaya 9:1-3). Hannun da ya saƙa lafiyayye a ciki shi ne ya saƙa mai naƙasa. Wanda ya karɓi Zabura 139 ya ƙi Fitowa 4, rabin gaskiya ya riƙe.

2. Yadda Siyasa Take Wasa da Zancen Ciki

A jihohin Arewa, har da Borno, kundin hukunta laifuka na Final Kod ya haramta zubar da ciki, sai dai domin ceton ran uwa. Sashe na 232 ya tanadi ɗauri har na shekara 14. A Kudu ma haramun ne. Duk da haka zancen yakan taso a fagen siyasa. A shekarar 2013 majami'u a Jihar Imo suka yi ca a kan wata doka da Gwamna Rochas Okorocha ya sa wa hannu, wadda ta buɗe ƙofar zubar da ciki a wasu halaye, har gwamnan ya nemi gafara, aka soke ta. A tsakiyar 2022, ana shirin zaɓen 2023, gwamnatin Legas ta fitar da jagora ga likitoci a kan batun, amma cikin 'yan kwanaki Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da shi saboda ƙorafin jama'a.

Borno kuwa nata ya fi ɗaci. A Disamba 2022 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya yi zargin cewa tun 2013 sojoji sun zubar da ciki aƙalla 10,000 na matan da aka kuɓutar daga hannun Boko Haram. Rundunar soja ta musanta. Kwamitin da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta kafa a ƙarƙashin Mai Shari'a Abdu Aboki ya bayyana a Nuwamba 2024 cewa bai sami shaidar hakan ba. An yi ta muhawara, amma akwai abin da ba ya bukatar kwamiti: matan da suka dawo da goyo, da 'ya'yan da suka haifa a daji, da yawansu sun tarar da ƙyama a wurin dangi da maƙwabta. Bakin da ya ce kada a zubar, shi ne kuma ya kira yaron ɗan maciji.

A Amurka ma haka abin yake. A 2008 Sarah Palin, gwamnar Alaska, ta tsaya takarar mataimakiyar shugaban ƙasa tare da John McCain, watanni kaɗan bayan ta haifi ɗanta Trig da lalurar Down, wadda wasu ke kira galahanga. Ta san halinsa tun yana ciki, ta zaɓi ta haife shi. Magoya bayanta suka mai da jaririn tuta, wasu abokan hamayya suka mai da shi abin ba'a da ƙage. A 2024 sai reshe ya juye da mujiya: Gus, ɗan Tim Walz na ɗaya jam'iyyar, matashi mai lalurar koyo, ya fashe da kukan murna a babban taron jam'iyya a Chicago, wasu daga ɓangaren da ke ikirarin kare rai suka yi masa dariya. Darasin a fili yake: siyasa takan ƙaunaci yaro mai naƙasa ne idan ɗan gidanta ne.

3. Dawuda da Ziba

Mefiboshet, ɗan Jonatan, ba a haife shi gurgu ba. Yana ɗan shekara 5 labarin mutuwar Saul da Jonatan ya iso, mai renonsa ta ɗauke shi a guje, ya faɗi, ƙafafunsa suka lalace. Ɗan gudun hijira ne, yaƙin manya ya gurgunta shi. Iyalan da suka tsere daga Bama da Gwoza a 2014 suka sami mafaka a Mairi da sauran unguwannin Maiduguri ba sa bukatar a yi musu fassarar wannan aya.

Mutum biyu suka yi hulɗa da shi. Dawuda ya neme shi sa'ad da ba ya bukatar kome daga gare shi, ga shi kuwa jikan abokin gabarsa ne. Ya aika aka ɗauko shi daga Lodebar, ya kira shi da sunansa, ya kawar masa da tsoro, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya zaunar da shi a teburinsa kullum kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki. A lura da abin da ya ba shi: suna, da haƙƙi, da mazauni na dindindin. Wannan ya wuce sadakar yini ɗaya.

Ziba kuwa bara ne da aka ɗora wa kula da dukiyar Mefiboshet. Da Absalom ya yi tawaye, mulki ya girgiza, sai Ziba ya ɗaura wa jakuna kayan abinci, ya tarbi sarki a hanya, ya ce maigidansa ya zauna a Urushalima yana jiran sarauta. Nan take aka ba shi dukiyar duka. Da Dawuda ya komo, Mefiboshet ya fito bai gyara gemu ba, bai wanke tufafi ba, ya bayyana cewa baransa ya yaudare shi, ya tafi ya bar shi domin ba ya iya tafiya. Ziba ya yi magana da sunan gurgu a inda gurgun ba zai iya zuwa ya yi wa kansa magana ba, ya kuma ci riba. Har yau zuriyar Ziba ba ta ƙare ba, kakar zaɓe ce kuma kasuwarta.

4. Mudun da Za a Auna Ɗan Takara

Mai bi ba ya rasa abin tambaya, gama akwai doka. A Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya karya ta, da naira miliyan 1 ga kamfani. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin kuwa ya riga ya cika. Ta hana yin bara da naƙasasshe, ta kuma ce a keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Dokar Zaɓe ta 2022 ta umarci hukumar zaɓe ta sauƙaƙa musu jefa ƙuri'a. Saboda haka, idan ɗan takara ya zo majami'a ko ƙofar gida, ana iya tambayarsa cikin ladabi:

Makarantun firamare nawa ne a mazaɓarsa yaro mai keke zai iya shiga ajinsu da bayan gidansu? Malamai nawa aka horar a kan maganar hannu ta kurame da rubutun makafi? Me ya yi wa asibitin haihuwa na unguwa? Kekunan da aka raba a zaɓen da ya wuce, wa yake gyara su?

Tambayar asibiti tana da nauyi, domin naƙasa da yawa ana iya hana ta. Doguwar naƙuda, da shawara mai tsanani a jariri, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, suna iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro har abada. Tarihin shan inna ya isa gargaɗi. A 2003 jita-jita da siyasa suka sa aka dakatar da allurar rigakafi a Kano da wasu jihohi, Kano ba ta koma ba sai Yuli 2004, cutar ta bazu har ƙasashen waje. Yaran ƙarshe da aka samu da ainihin ƙwayar cutar a Nijeriya 'yan Borno ne, a Gwoza da Jere da Monguno, a 2016, kafin a ayyana Afirka ta rabu da ita a Agusta 2020. Maganar manya a kan dandamali tana iya ƙarewa a ƙafar yaro.

5. Shari'a Takan Fara Daga Gidan Allah

Ba daidai ba ne a auna ɗan siyasa da mudun da ikkilisiya ta kāsa cikawa. Akwai gidajen masu bi da ake kulle yaro mai naƙasa a ɗaki ranar Lahadi, don kada baƙi su gani. Akwai waɗanda har yanzu suke ce wa irin wannan yaro ɗan ruwa, ko su zargi uwarsa da maita, ko miji ya juya mata baya. Lalurar Down kuwa ba aikin iska ba ce. Daga ƙwayoyin halitta take: yawancin mutane suna da ƙunshin gado 46 a kowace ƙwaya, mai wannan lalura yana da 47. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba.

Haka kuma a unguwa irin Mairi, mai cike da ɗakunan hayar ɗalibai, budurwar da ta yi ciki takan fi tsoron bencin horo da bakin mutane fiye da maganin da za ta sha a ɓoye, musamman idan ta ga namijin yana ci gaba da waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Horon ikkilisiya domin komo da mai laifi ne. Idan ya zama abin da ke tura yarinya ga mutuwa, dattawa su sake duba yadda suke yin sa. Wadda kuma ta riga ta zubar, ta tuba, jinin Almasihu ya isa ya tsarkake ta (1 Yahaya 1:9). Macen da likitoci suka cire wa ciki domin ceton ranta mai makoki ce, ta'aziyya take bukata.

Magabata sun bar gurbi mai kyau. Masu bishara sun buɗe wa kutare mazauni a Garkida da Molai sa'ad da kowa yake gudunsu, aka kuma kafa makarantar makafi ta Gindiri a 1953. Ikkilisiyar yau tana iya yin nata: a zuba gangaren siminti a ƙofar majami'a, a koya wa matasa biyu maganar hannu, Makarantar Lahadi ta je gida ta ɗauko yaron da ba ya iya zuwa, Zumuntar Mata ta riƙa karɓar uwa reno ko da yini ɗaya a mako, a keɓe wani abu daga baiko domin kuɗin mota zuwa sashen gashin ƙashi da ƙafar roba na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Manzo Bulus ya koyar da cewa gaɓoɓin jiki da ake gani raunana su ne ba a iya rabuwa da su (1 Korintiyawa 12:22).

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa uku ne Dawuda ya ba Mefiboshet, ta yaya suka bambanta da sadaka?
2. Ta wace alama iyali za su gane halin Ziba a wurin mai neman ƙuri'a?
3. Yara nawa masu naƙasa ne suke a gidajen membobi amma ba a ganinsu a sujada? Me ya hana su?
4. Yaya za a yi horo ba tare da an tura mai ciki ga zubarwa ba?

Kammalawa

Ƙuri'a amana ce, ba a sayar da ita a kan mudun shinkafa ko daɗin baki. Mai bi ya ƙi zubar da jinin marar laifi, ya kuma buɗe ƙofa ga yaron da aka bari ya rayu, gama umarnin Ubangiji ɗaya ne. Yesu ya ce mai biki ya gayyaci matalauta da guragu da makafi, waɗanda ba za su iya rama masa ba, sakamakonsa yana jiransa a tashin masu adalci (Luka 14:12-14). Zaɓe zai zo ya wuce, amma Mefiboshet zai ci gaba da bukatar mazauni a teburi kowace rana.

Abin addu'a: A roƙi Allah domin iyayen yara masu naƙasa, da mata masu ciki cikin tsoro, da 'ya'yan da aka haifa a hannun 'yan tayar da ƙayar baya. A roƙa wa Borno da Nijeriya shugabanni masu zuciyar Dawuda, da zaɓe cikin salama, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.