Masu Galahanga da Sana'ar Gyaran Kango: Shawara ga Iyaye

Daga cikin tambayoyin da iyayen masu lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, suke kawowa gaban masana, babu wadda ta kai nauyin wadda uba ko uwa kan yi bayan ɗa ya haura shekara ashirin, karatu ya ƙare ko ya gagara, tsararrakinsa sun kama sana'a har sun soma zancen aure, shi kuwa yana zaune a ɗaki tun hantsi har magariba: wa zai riƙe shi in ƙasa ta rufe idonmu, da me kuma zai ci? Amsar ba guda ba ce, domin masu wannan lalura suna hawa-hawa. Akwai wanda ya haddace izu sittin, lissafi kuma ba ya ba shi wuya, amma hayaniyar kasuwa ta fi ƙarfinsa, akwai kuma wanda bai taɓa haɗa jimla cikakkiya ba. Duk da haka akwai wata hanya da na ga ya kamata a shimfiɗa ta filla-filla, saboda ta haɗa abu biyun da baligi mai galahanga ya fi rasawa, watau abin hannu da abokan zama, ita ce a tara kaɗan daga cikinsu su zama ƙungiya, su riƙa gyara tsofaffin gidaje da kangaye, ana ba da su haya a kan kuɗin da talaka zai iya biya.

Wajibi ne tun farko a san haƙiƙanin lalurar, don wanda ya jahilci asalin abu ba zai iya yi masa tanadi ba. Galahanga bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun mutum yana ciki, gado kuma yana da babban rabo a cikinsa. Ba sammu ba ne, ba shafar aljanu ba ce, ba laifin tarbiyyar uwa ba ne, binciken likitoci kuma ya wanke allurar rigakafi daga zargi. Wani likita mai suna Leo Kanner, na asibitin Johns Hopkins a Amurka, shi ne ya siffanta ta a 1943 bayan ya nazarci yara 11. Na farko a cikinsu, Donald Triplett, ya rayu har 2023, ya bar duniya yana da shekara 89, bayan ya shafe shekaru masu yawa yana aiki a bankin garinsu Forest, cikin jihar Misisifi, yana tuƙa motarsa, yana yawon ƙasashe, mutanen garin kuwa sun san halinsa sun karɓe shi a kansa. Darasin rayuwarsa a bayyane yake, cewa yaron da aka yi wa tanadin aiki tabbatacce da jama'ar da ta saba da shi yana iya tsufa cikin mutunci.

Galibinsu ba su sami irin wannan rabo ba. Ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta fitar a 2021 ta nuna cewa kimanin 22 ne kacal cikin 100 na baligai masu otizim suke da aikin yi, a ƙasar da ke da dokoki da dukiyar tallafa musu. A Nijeriya an sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci a Janairun 2019, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukuma, amma iyalin da ya zauna jiran wannan gurbi zai daɗe yana jira. Abin da ke hana su aiki kuwa, a mafi yawan lokuta, ƙofar shigarsa ce da yanayin wurinsa, domin ciniki yana son taya da ragi da karanta fuskar mai saye, koyon sana'a a wurin maigida kuma yana tafe da tsawa da habaici da aike iri-iri ba tsari, alhali mai galahanga yana ɗaukar magana a kan zahirinta, sauyin shiri ba gargaɗi yana dagula masa lissafi, ƙara da wari da haske kuma suna isa gare shi da ƙarfin da ba su isa ga waninsa.

Gyaran gida ya kuɓuta daga yawancin waɗannan illoli. Kango wuri ne shiru, ba abokin ciniki a tsaye yana gaggauta ka; ayyukansa kuma, kamar kankare tsohon fenti, da cike tsagar bango, da filasta ko yaɓe, da shafa fenti, da jera tayil, da gyaran ƙyaure da taga, da share indararo da magudana kafin damina, kowannensu yana da farko da ƙarshe da ido ke gani, ana kuma maimaita shi daga ɗaki zuwa ɗaki har hannu ya faɗa. Mutumin da zuciyarsa ba ta kwanciya sai layi ya miƙe, wanda a gida ake ce masa mai naci, shi ne ainihin wanda ake nema wurin jera tayil. Fa'ida mafi girma ita ce ta zumunci, domin da yawansu zaman hira ido da ido yana gajiyar da su, amma su tsaya kafaɗa da kafaɗa da wani suna shafe bango guda, magana ta zo in ta zo, wannan suna iyawa, daga nan kuma sabo ke tsirowa. Sai dai kada a ɗauka duk mai galahanga magini ne. A tambaye shi, a kai shi ya gani, a bar shi ya gwada, in ransa bai kwanta ba a nema masa wata hanya. Wanda kuma ƙura ta dame shi yana iya riƙe littafin kaya ko lissafin kuɗi, mata ma suna da gurbi a nan, da wajen fenti da ɗinkin labule.

Tsarin kansa an jarraba shi. A birnin Hull na Ingila, a 1985, waɗansu ɗalibai da samari marasa aiki suka haɗa ɗan abin da ke hannunsu suka sayi wani gida da aka ƙaurace wa, suka gyara shi da kansu. Ƙungiyar tasu, Giroscope, tana nan har yau da gidaje fiye da ɗari da take ba masu ƙaramin ƙarfi haya, tana kuma koyar da sana'a ga masu sa kai da kasuwar aiki ta juya wa baya. Ba don masu galahanga aka kafa ta ba, amma ta tabbatar da cewa mutanen da ba su da jari, in suka fara da gida guda suka mai da hayarsa cikin na biyu, suna iya kafa abin da zai rayu shekara arba'in. Haka ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa a jihar Jojiya a 1976, ta ginu a kan ƙa'idar cewa gumin mai aiki yana zama masa rabo a cikin gidan. Mu kuwa da muka gaji gayya da adashi, ba baƙon abu aka kawo mana ba.

To, yaya za a fara? Shawarata ita ce iyalai uku ko huɗu su haɗu, kada ma'aikatan su wuce biyar a karon farko, sa'an nan a nemo magini ko kafinta dattijo mai sanyin hali a ɗauke shi da lada sananne ya zama jagora, domin haƙurinsa ya fi gwanintarsa muhimmanci a wannan aiki. Kada a ci bashi a sayi gida. A kowane tsohon gari akwai gidan gado da magada suka watse suka bari yana zubewa, irinsa za a nema, a yi yarjejeniya da masu shi cewa ƙungiya za ta gyara ta kuma ci moriyar hayarsa na waɗansu shekaru, bayan haka ya koma hannunsu a gyare. A nan ne fa ake buƙatar taka-tsantsan, domin sharaɗin ijara a shari'a shi ne lada da muddar su zama sanannu, saboda haka a ƙiyasta kuɗin gyaran, a ambaci adadin shekarun, a sami yardar dukkan magada har da na nesa da matan cikinsu, a duba takardar mallaka, a rubuta kome a gaban mai unguwa da shaidu adilai, lauya kuma ya duba. Gidan da aka gyara ba rubutu, ranar da ya yi kyau ranar masu shi za su tuna da shi.

Rubutu na biyu ya fi na farko nauyi a wurina, shi ne na haƙƙin ma'aikatan kansu, domin mafi munin abin da ke iya samun wannan shiri shi ne ya rikiɗe ya zama wurin da ake morar raunana a kyauta da sunan taimako. Malaman Malikiyya sun halatta tarayyar jiki, watau mutane su haɗa aikin hannunsu su raba abin da ya samu, matuƙar aikin iri ɗaya ne ko sashensa yana rataye da sashe, rabon kowa kuma gwargwadon aikinsa. Mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ambaci asalin mas'alar. Bisa wannan sai a kasa kuɗin shiga: ladan aiki da ake biya a rana sananniya ba jinkiri, da asusun gyara da sayen kaya, da rabon riba da ake ajiye wa kowa a asusun banki mai sunansa. Wanda yake da rushudi, ya san saye da sayarwa, shi zai sa hannu da kansa, kuma zalunci ne a ƙwace masa wannan don kawai ana kiransa mai lalura. Wanda bai kai nan ba waliyyinsa ya tsaya masa, da sharaɗin wani daga wajen iyalin ya riƙa duba lissafin kowace shekara. A yi wa ƙungiyar rajista a matsayin ƙungiyar gama kai a ma'aikatar jiha da ke kula da haka. Mahaifin da Allah Ya hore wa gida, yana kuma tsoron abin da zai biyo bayan rabon gado, ya sani cewa wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada, don haka ya je wurin malami masanin fara'ila tun yana da lafiya su tattauna hubusi, wanda zai tsare asalin gidan ya bar amfaninsa yana gudana.

Game da tsarin wurin aiki, akwai hikimar da Eric Schopler da abokan aikinsa suka bunƙasa a jami'ar Karolina ta Arewa, shirin da jihar ta rungume a 1972, ita ce mai galahanga ya fi fahimtar abin da ya gani a kan abin da ya ji. Saboda haka a kafa allo a zaure mai ɗauke da ayyukan yini bi da bi, da hoto ko zane ga wanda ba ya karatu, a sa wa kowane kayan aiki mazauninsa, a tsai da sa'ar farawa da ta hutu da ta salla da ta tashi, kada su motsa. Jagora ya bar cewa "gyara can" ko "in an jima", ya ce "shafe bangon gabas daga sama zuwa ƙasa, sau biyu", ya nuna da hannunsa sau ɗaya, sa'an nan ya ba shi lokaci ya juya maganar a ransa kafin ya maimaita. In siminti bai iso ba, shiri zai sauya, a faɗa tun da wuri, a kuma tanadi aikin madadi. A keɓe ɗaki guda marar hayaniya inda wanda abin ya cika masa zai shiga ya natsu ba tare da neman izini ba. In an ga yana kaɗa hannu ko yana rangaji a bar shi, da haka yake kwantar da kansa, kuma taruwa a kansa ana tambaya ƙara wutar yake.

Haɗarin aikin ma a faɗe shi a fili. Farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu galahanga fiye da sauran jama'a, don haka wanda yake da ita kada ya hau tsani ko rufi faufau. Waɗansu ba sa faɗin ciwo ko ƙishirwa har sai abin ya yi tsanani, sai jagora ya sa shan ruwa da duba hannuwa cikin jadawali. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wanda kuwa ya tuna yaran da gubarta ta hallaka a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai raina ta ba, don haka a jiƙa bango kafin a kankare, a sa abin rufe hanci, a wanke hannu kafin cin abinci. Tsohon silin ko rufin asbesto kuma kada a fasa shi ko a yanka, ƙwararru ne za su cire. Wayar lantarki, da haƙar masai, da bangon da ke ɗauke da azara, duk a bar wa masu sana'ar. Ga ƙarar injin yanka da janareto a sayi abin toshe kunne, ko a sa waɗannan ayyuka a ranar da masu jin zafinsu ba sa nan.

Maƙwabta kuma a shigo da su tun kafin a sauke yashi, a gaya wa liman da mai unguwa ko su wane ne waɗannan samari, a bayyana cewa rashin haɗa ido ko gajeriyar gaisuwa ba raini ba ne, a kuma roƙi a tsawata wa yaran unguwa game da tsokana. Kafin a karɓi gidan kowa, a fara da ɗaki guda a gidan ɗaya daga cikin iyalan, cikin rani, sa'a uku ko huɗu a yini, a biya lada cikakke kamar yadda za a biya bare, jagora kuma ya riƙa rubutawa a littafi aikin da kowa ya fi sakewa da shi da abin da ya fi tayar masa da hankali. Da wannan littafi za a raba ayyuka a gida na farko, da shi kuma za a ƙiyasta watannin da za a ambata a cikin yarjejeniya.