Darasi: Irin ciyawa barci yake, amma yana numfashi

Ƴan uwa makiyaya da ƴan ƙungiya na gundumomin Tasawa da Mayahi, duk mun san yadda wurin kiwo ke zama rairayi tsura a watan Afrilu, amma da ruwa ya sauka sai karangiya, burburwa, ƙyasuwa da gadagi su rufe ƙasa. Ƙwayoyinsu suna nan cikin ƙasa tun kaka, da ransu. Abincin bisashenmu na baɗi yana cikin waɗannan ƙwayoyi, shi ya sa ya kamata mu san abin da ke riƙe su da abin da ke tashinsu.

Yadda iri ke numfashi

Kowace ƙwaya tana ɗauke da guzurinta na gari ko mai. Tana shaƙar iska, ta ƙone guzurin kaɗan-kaɗan don ta samu ƙarfi, kamar garwashin da aka rufe da toka. Idan ta bushe sosai, numfashin yana raguwa har ya kusa tsayawa, guzurin kuma ya daɗe. Da ta sha ruwa sai numfashin ya ƙaru cikin ƴan awoyi, saiwa ta fara fitowa. Da zarar saiwa ta fito babu komawa barci. Shi ya sa idan ruwan fari ya sauka sannan aka yi dogon tsaiko, tsiron da ya fito yakan ƙone.

Me ke hana wasu tashi?

Ba duk iri ke tashi da ruwan fari ba, kuma wannan rahama ce. Sabon irin ciyawa da yawa yakan yi watanni yana barci ko da ya jiƙe, saboda wani sinadari a cikinsa da ke danne tsiro. Zafin rani ne ke rage ƙarfin sinadarin a hankali. Wasu kuma, kamar gawo da bagaruwa, ɓawonsu ne mai tauri ke hana ruwa shiga. Idan akuya ko saniya ta ci ƴaƴan gawo, wasu ƙwayoyin kan fito cikin kashi ɓawonsu ya yi laushi, ga taki a shirye.

Kututture ma haka yake. A jikinsa akwai idanun toho masu barci. Idan aka sare itacen, abincin da saiwa ta tara sai ya koma gare su, numfashinsu ya ƙaru, su tofo. A kan wannan aka gina sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa a jihar Maraɗi tun shekarun 1980, har ƙauyuka irin su Ɗan Saga na gundumar Agye suka yi suna da shi.

Abin da ƙungiya za ta yi

1. A bari ciyawa ta nuna ta zubar da iri kafin a yanke ko a share ta. Wurin da ake kwashe haki ƙarƙaf kowace shekara, ajiyarsa ta cikin ƙasa ƙarewa take, garmani ya mamaye shi, alhali bisashe ba su damu da garmani ba.

2. Irin da za a watsa a burtali ko wurin kiwo a tara shi da kaka, a shanya shi har ya bushe ƙamas. Masana iri suna da ƙa'ida: duk lokacin da laima ta ragu da kashi 1 cikin 100, ko zafin ɗakin ajiya ya ragu da digiri 5, kwanan iri yakan kusan ninkawa.

3. Kada a ƙulle iri mai laima a buhun PICS ko jarka. Zai cinye iskar ciki, ya yi zafi, ya mutu. Busasshe kuwa yana jurewa, ƙwari ne ke shaƙewa.

4. Kafin damana, a ƙirga ƙwaya 100, a sa a jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa yayyafa ruwa har mako biyu. Adadin da ya tsiro shi zai nuna yawan da za a watsa. Kada a zubar da sabon iri don ya ƙi tsira a watan Nuwamba, a sake gwada shi a Mayu.

5. Ƙwayar gawo a kankare gefen ɓawonta kaɗan, ko a zuba mata ruwan zafi a bar ta ta kwana, sannan a shuka nan take.

6. Inda aka watsa iri, a yi shawara da mai gari da sauran makiyaya a tsare wurin har ciyawar ta yi iri sau ɗaya.

A taronku na gaba, ku tambayi juna: a kwarin Gulbin Kaba ko a wurin kiwon garinku, wace ciyawa ce iyayenmu suka sani wadda yanzu ta yi wuya, kuma ina za a samu irinta bana?